Za a Iya Koyon Kaɗa Shamisen ta Intanet?

Wani ɗan'uwa daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ga bidiyon masu kaɗa shamisen, abin kiɗan nan na Japan mai tsirkiya uku, abin ya shiga ransa, ga shi kuma babu malamin wannan kiɗa ko kusa da inda yake. Yana so ya san ko darasin intanet zai kai shi ga iyawa, me ya kamata ya saya, kuma ta ina zai soma.

Ɗan'uwa, za a iya, kuma mutane da yawa a wajen Japan ta haka suka koya. Sai dai akwai sharaɗi guda da nake so ka riƙe tun daga yanzu: bidiyon da aka naɗa zai koya maka waƙa da sunayen abubuwa, amma hannunka na dama sai malami ya gani da idonsa ya gyara. Rabin shamisen a hannun dama yake. Idan hannun ya tashi a karkace cikin wata ukun farko, za ka shafe shekara kana kwance abin da ka ɗaura. Saboda haka ka haɗa biyun, darasin bidiyo don yau da kullum, da zama kai-tsaye da malami ko da sau biyu ne a wata. Zan bar sunayen Japananci yadda ake rubuta su a intanet, don ka same su da sauƙi in ka je nema.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka san wane irin shamisen kake so, domin ba iri ɗaya ba ne. Kayan ya samo asali daga wani abin kiɗa na Sin mai suna sanxian, ya bi ta tsibiran Ryukyu, wato Okinawa ta yau, ya iso tashar jiragen ruwa ta Sakai kusa da Osaka a ƙarni na 16. Daga nan ya rarrabu gida-gida, kuma kaurin wuyansa ne ke nuna gidan. Hosozao shi ne mai siririn wuya, faɗinsa wajen santimita 2.5, da shi ake kiɗan nagauta na kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan. Chuzao matsakaici ne, na kiɗan jiuta da waƙoƙin gargajiya na karkara da ake kira min'yo. Futozao kuwa mai kaurin wuya ne, santimita 3 ko sama da haka, shi ne na Tsugaru da na gidayu mai raka wasan 'yartsana na bunraku. In bidiyon da ya ja hankalinka na mai bugu da ƙarfi ne, da sauri kamar ana kaɗa ganga da tsirkiya lokaci guda, to Tsugaru ka gani, salon da ya fito daga lardin Aomori a arewacin tsibirin Honshu, inda har yau ake gasarsa a birnin Hirosaki duk watan Mayu. Yawancin darussan da ake samu da Turanci na wannan salon ne. Wanda ya sayi hosozao ya ce zai yi bugun Tsugaru a kansa zai fasa fatar, kuma ba zai taɓa jin muryar da yake nema ba. Ka fara samun malami ko zaɓar salo, sannan ka sayi kaya.

A shagunan intanet kuma ka lura kada a sayar maka da sanshin a madadin shamisen. Sanshin na Okinawa ne, ya fi gajarta, fatarsa ta maciji ce ko mai zanen maciji, ana kaɗa shi da wani ɗan abu da ake sawa a yatsa. Shamisen tsawonsa ya kusa mita ɗaya, ƙoƙonsa mai kusurwa huɗu ne, fatarsa fara.

Ga sassan da malami zai riƙa ambata tun ranar farko. Do shi ne ƙoƙon da aka rufe da fata gaba da baya. Sao shi ne wuyan, kuma sumul yake, babu ƙarafan nan da ke raba wuyan jita. Tenjin kan ne, inda kunnuwa uku na ɗaure tsirkiya suke, su ake kira itomaki. Koma shi ne jakin da tsirkiyoyi ke hawa a kan fata. Neo igiya ce da aka saƙa a gindin ƙoƙo, a jikinta ake ƙulla tsirkiya. Bachi shi ne makaɗin, mai faɗin baki kamar mahuci. Tsirkiyoyin suna da lamba: ichi no ito ta ɗaya, mai kauri, ita ce a sama idan ka riƙe kayan, ni no ito ta tsakiya, san no ito ta uku, siririya, a ƙasa.

Game da saye, na mai koyo shi ne wanda aka yi wuyansa da icen karin. Shitan da koki sun fi tauri da tsada, ba ka buƙatarsu yanzu. Ka nemi mitsuori, wato mai wuyan da ke rabuwa gida uku, don ya fi sauƙin aikowa kuma ba ya saurin karyewa a hanya. Fata kuwa, ka dage a kan ta roba. A al'ada da fatar kyanwa ko ta kare ake rufe shamisen, na Tsugaru da ta kare, wanda mutane da yawa a wajenmu ba za su so riƙewa ba. Ko ba wannan ma, fatar dabba ba za ta jure yanayinmu ba. A Japan kanta lokacin ruwan Yuni da Yuli ne fata ta fi yagewa. Ka kwatanta da Kano, inda laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a hunturu, ta haura 70 a watan Agusta. Fatar da aka ja ta yi tsam za ta saki ta ɗame, ta saki ta ɗame, wata safiya ka buɗe jaka ka tarar ta tsage daga gefe. Sake fata aikin gwani ne da ke da kayan ja na musamman, ke nan sai ka mayar da ƙoƙon ƙasar waje. Fatar roba irin ta yanzu muryarta ta wadatar, kuma za ta kai ka shekaru.

In za ka sayi na hannu, ka nemi hoton fatar gaba da baya a cikin haske, da hoton wuyan daga kusa. Abin da kake dubawa a wuyan shi ne kanberi, wato kwarin da farce da tsirkiya ke ci a jikin icen bayan shekaru. In ya yi zurfi, tsirkiya za ta riƙa zuzu a wuraren da bai kamata ba, kuma gyaransa sai an kankare wuyan gaba ɗaya. Ka guji bachi ko kunnuwa na hauren giwa, da bachi mai bakin ƙoƙon kunkurun teku da suke kira bekko. Yarjejeniyar CITES ta kare namun daji ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, kwastan na iya riƙe maka kayan duka saboda su. Na roba ya isa. Akwai masu ɗan lanƙwasa da aka yi don kwaikwayon bekko, sun fi na roba mai tauri daɗin hannu. Mai koyon nagauta kuma da bachin ice yake farawa, ana auna nauyinsa da monme, kowane monme giram 3.75 ne, na masu koyo kan kama daga 20 zuwa 25.

Ƙananan kayan da ake mantawa su ne suke tsayar da darasi, don haka ka sa su cikin oda ɗaya. Yubikake, wata 'yar safa da ake saƙalawa a babban yatsa da manuni na hannun hagu don hannu ya riƙa sulɓi a wuya. In babu ita gumi zai riƙe maka hannu. Ɗan faifan roba da ake ɗorawa a cinya don kada ƙoƙo ya zame. Dokake, murfin gefen ƙoƙo inda damtsen hannun dama ke kwanciya. Jaki biyu, don yana da saurin karyewa in an taka ko an danne. Sai shinobi-goma, wani dogon jaki da ke rage ƙara ƙwarai, saboda Tsugaru da dare a gidan haya rigima ce da maƙwabta. Tsirkiya kuwa ka sayi da yawa. A Tsugaru abin da aka saba shi ne ta ɗaya ta siliki mai lambar kauri 30, ta biyu ta tetron, wani zaren roba, mai lamba 15, ta uku ta nailan mai lamba 13 ko 14. Ta ukun ita ta fi tsinkewa, ka ajiye kamar goma. Ta ɗaya ta siliki takan yi gashi a wurin da bachi ke sauka. Kada ka jira ta tsinke, ka kwance ta daga neo, ka yanke inda ya ci, ka jawo daga ragowar da ke naɗe a kunne.

Yanzu saiti. Shamisen yana da saiti uku na asali, zan faɗe su da haruffan da manhajar saita kiɗa ke kiran muryoyi da su. Mai sauka shi ne mai alamar ♭, mai hawa mai alamar #. Idan tsirkiya ta ɗaya tana kan C, honchoshi shi ne C, F, C ta sama. Niagari, wato an ɗaga ta biyu, C, G, C. Sansagari, an sauke ta uku, C, F, B mai sauka. Masu koyon Tsugaru galibi da niagari suke farawa. Malami ba zai ce maka C ba, zai ce yon-hon, wato huɗu, domin suna ƙirgawa ne daga A: ɗaya A, biyu A mai hawa, uku B, huɗu C, biyar C mai hawa, shida D. Kowace manhajar saita kayan kiɗa da ke gane dukkan muryoyi goma sha biyu za ta yi maka aiki a waya. Abin da ke ba sabon shiga wahala kunnuwan ne. Ba su da haƙora kamar na jita, ice ne kawai aka cusa a rami, matsewa ce ke riƙe su. Dole kana murzawa kana tura kunnen ciki, babban yatsa ko ɗan ƙaramin yatsa yana tokare da kan kayan ta ɗaya gefen. In ka murza ba ka tura ba, kunnen zai kwance fir, tsirkiya ta zube. A hunturu ice kan ƙanƙance, kunnuwa su riƙa sakewa da kansu, sai ka ƙara turawa a hankali. Kada ka sa musu mai ko gam. Sabuwar tsirkiya kuma takan yi ta sauka kwana biyu zuwa uku, ka ja ta da yatsu a tsawonta sau da yawa bayan ka ɗaura.

Akwai wani abu da ya sa shamisen ya zama shamisen, sunansa sawari. Tsirkiya ta biyu da ta uku suna hawa kan wani ɗan ƙarfe a saman wuya, amma ta ɗaya ba ta hawa, an bar ta tana ɗan gogar ice. Wannan gogar ce ke ba da zuzun nan mai tsawo da ke bin bayan bugu. Kunnen da ya saba da kayan kiɗanmu masu 'yan ƙarafa da ke kaɗawa tare da tsirkiya ba zai ji shi baƙo ba. Sabon shiga da yawa sukan ɗauka lalacewa ce, har su nemi kashe shi. Shamisen na Tsugaru na zamani suna da azuma-zawari, wani ɗan noti a bayan wuya da ake murzawa. Ka saita tsirkiya ta ɗaya, ka buga ta sake, ka murza notin kaɗan-kaɗan har ka ji muryar ta buɗe ta yi tsawo. In ya wuce gona da iri za ta koma kaushi ta mutu da wuri. Amfaninsa ya wuce ado: idan ka buga ta biyu ko ta uku kuma saitinsu ya yi daidai, ta ɗaya za ta amsa da kanta ba ka taɓa ta ba. Da wannan amsawar ƙwararru ke gane sun sauka daidai, kuma ita nake so kunnenka ya koya maimakon dogaro da allon waya.

Wannan ya kawo mu kan babbar matsalar darasin kai-tsaye. An gina Zoom da ire-irensa don magana ne. Manhajar tana jin zuzun sawari da wutsiyar murya a matsayin hayaniya, sai ta datse su, tana jin bugun bachi ta rage ƙara. Malami zai ji ƙwas, ƙwas kawai, ba zai iya ce maka komai a kan muryar kayanka ba. A Zoom ka shiga saitin sauti ka kunna Original sound for musicians, sannan bayan an shiga darasin ka duba saman allo ka tabbata a kunne yake, domin sau da yawa sai an sake danna shi a kowane zama. Ka yi amfani da iyafis mai igiya don muryar malami kada ta koma cikin makirfo. Na Bluetooth yana ƙara jinkiri, makirfonsa kuma yana matse sauti. Ka nisanta makirfo ko wayar kamar mita ɗaya daga ƙoƙon, in ya matso bugun zai fashe. Fanka ma ka kashe ta ko ka juyar da ita, ka zauna nesa da janareta, don da zarar ka kunna wancan saitin duk ƙarar ɗakin za ta tafi wa malam.

Kyamara ka kwantar da wayar, kada ka tsayar da ita, a kan mariƙi mai tsayin cinyarka ko sama kaɗan, nisan mita ɗaya da rabi. Ya zama ana ganin komai daga tenjin har gwiwar hannunka na dama. Haske ya fito daga gabanka, in taga tana bayanka malami inuwa zai gani. Riga mai faɗin hannu ka naɗe ta, wuyan hannu shi ne abin kallo. Lokaci-lokaci ka mayar da wayar gefenka na dama, ta nan ne ake ganin ko bakin bachi yana sauka kan fata ko yana shawagi a sama.

Kada ka sa rai za ku kaɗa tare da malami lokaci guda. Jinkirin da ke tsakanin Afirka ta Yamma da Japan ya isa ya wargaza kowane kiɗa. Yadda ake yi shi ne malami ya kaɗa gaɓa ka maimaita, ko ka rufe makirfonka ka bi shi yana kaɗawa. Awa ɗaya ta bidiyo mai kyau na iya cin data kusan gigabait ɗaya, ka tanada, ka cika caji tun da wuri. Japan tana gaban Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da awa 8, tana gaban Gana da awa 9. Ƙarfe 9 na safiyar Asabar a Kano ko Damagaram ƙarfe 5 na yamma ne a Tokyo, lokaci ne da ke yi wa ɓangarorin biyu daɗi. In malamin a Kalifoniya ta Amurka yake, safiyarsa ita ce almurunka. Shafin Bachido da ke can yana da darussan bidiyo da Turanci na masu farawa, wuri ne mai kyau na soma leƙawa kafin ka biya kowa.

Abin da nake so ka ba malami ya fi dubawa shi ne zama da riƙo. Ko a ƙasa ka durƙusa irin zaman seiza, ko a kujera marar hannu, ƙoƙon yana kan cinyar dama, da ratar dunƙulen hannu ɗaya ko fiye kaɗan tsakaninsa da cikinka. Kan kayan yana tashi zuwa wajen kunnenka na hagu. Damtsen dama ne ke danne ƙoƙon ya tsayar da shi. Gwajin mai sauƙi ne: saki hannun hagu gaba ɗaya. In wuyan ya faɗi, zamanka bai yi ba, kuma hannun hagu da ke ɗauke da nauyi ba zai taɓa gudu a kan wuya ba.

Riƙon bachi baƙon abu ne ga kowane hannu. Manuni da na tsakiya da na zobe suna zagaye ƙotar ta gefe ɗaya, ɗan ƙaramin yatsa yana komawa ɗaya gefen, ƙotar ta shiga tsakaninsa da na zobe. Babban yatsa yana kwance a kan faɗin, kusa da kusurwar da ke bugu. Wuyan hannu yana lanƙwashe ƙasa sosai, a sake, kamar hannun da ke yarfe ruwa. Kwanakin farko gindin ɗan ƙaramin yatsa zai yi ciwo har ya yi kanta, wannan kowa ya bi ta nan. Amma zafi mai suka a wuyan hannu ko gwiwar hannu alama ce ta kana damƙa da ƙarfi, ka tsaya ka nuna wa malami. Kuskuren da ya fi yawa, musamman ga wanda ya taɓa jita, shi ne share tsirkiya gefe-gefe. A shamisen bachi yana faɗawa ne ciki, ya ratsa tsirkiya ya sauka a kan fata ya tsaya can. Murya biyu ce ke fita tare, ta tsirkiya da ta fata. In ka ji muryarka siririya ba nauyi, bachin bai kai fata ba. In ka ji ƙarar roba kawai, kusurwar ta nutse da yawa ko kana turawa da kafaɗa. Nauyin hannu da juyin damtse ne ke yin aikin. A Tsugaru za ka koyi bugu biyu, ushiro-bachi kusa da jaki mai ƙarfi, da mae-bachi kusa da wuya mai taushi, kuma kai-komo tsakaninsu shi ne numfashin salon.

Sati biyun farko kada ka taɓa tsirkiya da hannun hagu. Minti 20 zuwa 30 kullum, manhajar ƙirga bugu a kan bugu 60 a minti, bugu takwas a kowace tsirkiya, gaban madubi. Na san yana da gundura, amma wanda ya yi haƙuri da wannan shi ne wanda muryar kayansa ke cika ɗaki bayan wata shida. Minti ashirin kowace rana ya fi awa uku ranar Lahadi nesa ba kusa ba.

Hannun hagu yatsu uku yake aiki da su, manuni da na tsakiya da na zobe. Manuni da bakin farce yake danna tsirkiya ta uku, har wata 'yar hanya kan fito a farcen, suna kiranta itomichi. Sauran farata ka yanke su ƙasa. Wuraren dannawa su ne tsubo, kuma rubutun da aka fi koyarwa da shi, bunkafu, lambobinsu yake nunawa. Kineya Yashichi ta huɗu ce ta tsara shi a shekarun 1920. Layi uku ne a kwance, na ƙasa shi ne tsirkiya ta ɗaya, na sama ta uku. Sifili tsirkiya ce sake. Daga nan 1, 2, 3, #, 4, 5, 6, 7, 8, 9, ♭, 10, kowanne rabin taki, wato tazarar da ke tsakanin murya da mai bi mata cikin muryoyi goma sha biyun nan. Za ka iya nemo manyan ukun da abin awo. Auna daga ɗan ƙarfen saman wuya zuwa jaki, zai kama wajen santimita 80. Rabin wannan shi ne 10, kashi ɗaya cikin uku daga sama shi ne 6, kashi ɗaya cikin huɗu shi ne 4. Ana sayar da wata doguwar takarda mai lambobi da ake liƙawa a gefen wuya, fujaku. Ka yi amfani da ita, amma ka sani lambobinta suna daidai ne kawai in jaki yana wurin da aka auna, wato faɗin yatsu biyu zuwa uku daga neo. Jaki ya matsa, komai ya matsa. Bayan 'yan watanni ka ɓare ta ka bar ɗigo a 4 da 6 da 10, domin mai kallon wuya kullum kansa kan karkace, kunnensa kuma ba ya girma.

Dabaru biyu ne za su biyo baya. Sukui shi ne ɗago tsirkiya da kusurwar bachi a hanyar dawowa. Inda ake kuskure shi ne cusa bachin ƙarƙashin tsirkiya da murɗa hannu, sai ta maƙale ta yi tsalle. Bakin bachi ya goga fata ya taso ta hanyar da ya sauka, ya ɗan shafi tsirkiyar kawai. Hajiki kuma tsinkar tsirkiya ce da yatsan hagu: manuni yana danne, na zobe ya ja tsirkiyar ƙasa ya saki. In muryar ta fito dusu-dusu, manuni ne ya sassauta a lokacin. Masu wannan kiɗa suna da hanyar rera shi da baki, kuchi-jamisen, kamar yadda makaɗan kalangu ke faɗin kiɗa da baki kafin su buga. Ta biyu sake ton, ta uku sake ten, ta uku a danne chin, ta biyu a danne tsun, in an tsinka da hagu ya zama rin ko ren. Ka roƙi malami ya riƙa rera maka haka. A darasin nesa yana da amfani na musamman, don muryar mutum tana ratsa intanet lafiya ko da sautin kayan ya lalace, kuma abin da bakinka ya iya rerawa hannunka ba ya ɓata a cikinsa.

Wajen zaɓen malami, ka nemi zaman gwaji tukuna. Ka tambaye shi salon da yake koyarwa da gidan da ya fito, domin a Japan kiɗan yana bin gidaje ne, a Tsugaru akwai irin su Oyama da Sawada, kuma kowane gida da yadda yake kaɗa gaɓa ɗaya. Shi ya sa tsince-tsince daga bidiyon mutum biyar a YouTube ke rikita mai koyo, ka bi ɗaya har ka tsaya da ƙafarka. Ka tambayi irin rubutun da yake amfani da shi, don a nagauta da jiuta akwai wasu rubuce-rubucen ban da bunkafu. A zaman gwajin ka lura ko ya tsayar da kai ya ce matso da hannunka kusa da kyamara. Malamin da ya bar ka ka kai ƙarshen waƙa yana yabo bai ce komai a kan riƙonka ba, ka nemi wani. Ka tambaya ko yana karɓar bidiyo tsakanin darasi da darasi. Wannan ya fi komai amfani ga mai raunin sabis: ka naɗi minti biyu da kyamarar waya, sautin ya fi na kiran kai-tsaye kyau, ka aika, ya dawo maka da gyara. Ku daidaita hanyar biya tun kafin ranar, don ba kowane katin banki ke wucewa a ƙasashen waje ba. Ka kira shi sensei, wato malam, ka buɗe zama da gaisuwar yoroshiku onegaishimasu, ka rufe da godiyar arigato gozaimashita. Takardun kiɗan da ya ba ka kuma kada ka yaɗa su ba da izininsa ba, suna ɗaukar wannan da nauyi.

Duk lokacin da ka gama, ka ɗaga tsirkiyoyi da yatsa ka zare jakin, kada ka ja shi a kan fata yana danne. Barin sa a ciki yana lotsa fata. Ka goge wuya da tsirkiya da ƙyalle mai laushi, gumi da ƙurar hunturu in sun haɗu suna cin ice kamar sanfefa. Ka sa ƙoƙon a jakar takardarsa ta washi, sannan ta leda, sannan akwati. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin tsotse laima guda biyu a akwatin, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, da hunturu kuma ka fitar da su. Fatar, ko ta roba ce, manna ta aka yi a jikin ice, zafi kuma yana sakin mannin, don haka kada ka bar kayan a cikin mota, ko jikin bangon da rana ke duka, ko ɗakin kwano da aka kulle da tsakar rana.